Toshe jijiyar ƙarin mahaifa maimakon tiyata: akwai wadda aka yi wa a nan?

Ummin Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni. Shekaruna 43, 'ya'yana huɗu. Shekara uku ke nan da aka gano ina da ƙari a mahaifa, wanda ake ce wa faibroid. Guda uku ne, babban ya kai santimita 9 a hoton ƙarshe. Al'adata da ke kwana biyar yanzu tana kai kwana goma sha ɗaya, ga gudaji, kwana ukun farko ko ƙofar gida ba na iya leƙawa. Sau biyu ana mini ƙarin jini. Fitsari kuwa, cikin dare sai na tashi sau huɗu. Likitan mata ya ce tunda na gama haihuwa, mafi sauƙi a cire mahaifar gaba ɗaya. Ni kuma zuciyata ta kasa amincewa. Sai wata abokiyar aikina ta ce akwai aikin da ake yi ba tare da an yanka ciki ba, a bi ta jijiya a toshe hanyar da jini ke kai wa ƙarin, sai ya motse. Don Allah akwai wadda aka yi wa? Gaskiyar magana nake so, da daɗinta da ɗacinta.

Yayar Kowa:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Kwana goma sha ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Anti Mai Haƙuri:
Ni an yi mini, bana shekara huɗu. Ina karanta labarinki kamar nawa nake karantawa, har tashin daren. Ranar aikin ba a sa ni barci ba, allura aka yi mini a matsematsi ta kashe wurin, aka ba ni wani magani ta ruwa da ya sa jikina ya saki. Ina jin maganarsu sama-sama. Aikin bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma ko ɗinki ba a yi ba, filasta kawai aka manna. Amma ki ji wannan da kyau, don ni ba a gaya mini yadda ya kamata ba: daren farko na sha wuya. Marata ta riƙa murɗawa kamar naƙudar fari, ga amai. Sai da aka ƙara mini maganin ciwo mai ƙarfi sannan na runtsa. Washegari da yamma aka sallame ni, na yi kusan mako guda ina fama da kasala da ɗan zazzaɓi, a kwana na goma sha biyu na koma wurin aiki. Al'ada ta biyu bayan aikin kwana biyar ta yi, na zauna na yi kukan murna. Har yau lafiya lau, alhamdulillahi.

Hajiya Babba:
Ni kuma bari in faɗi nawa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya an yi mata wannan aikin tana da shekara 38. Shekara biyu ta ji daɗi, a ta uku jinin ya dawo, ƙarshe dai mahaifar da ake gudun cirewa ita aka cire. Ta sha wuya sau biyu ke nan. Ni da kaina an cire mini tawa shekara tara da suka wuce, ban taɓa nadama ba ko sau ɗaya. Ƙari ba ya dawowa inda babu mahaifa. Ummin Yara, kina da huɗu, Allah ya raya miki su, me za ki yi da mahaifar da ke neman ƙarar miki da jini?

Ummin Yara:
Hajiya na gode, kuma na san don Allah kika faɗa. Amma ba maganar haihuwa ba ce. Tsoron yankan nake yi, da makonni shida da aka ce zan yi ina jinya, ga mahaifiyata kwance ni ke kula da ita. Sannan kuma jikina ne, in akwai hanyar da za a bar mini shi yadda Allah ya halicce shi, ina so in ji ta tukuna.

Autar Gida:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, in an toshe wa mahaifa jini, ita ba za ta mutu ba? Kuma mataccen abu a bar shi cikin mutum, ba ruɓewa zai yi ba?

Likitan Hoto:
Salamu alaikum. Ni likita ne a sashen hoto, ɓangarenmu ne ke yin wannan aikin, saboda haka ku auna maganata da sanin cewa sana'ata ce. Zan fara da tambayar Auta, don a nan asirin abin yake.

Mahaifa tana da manyan jijiyoyin jini guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ƙari abu ne mai haɗamar jini, jijiyoyin da ke kewaye da shi sun fi na lafiyayyen nama faɗi, kuma jini ya fi kwarara can. Abin da muke yi shi ne mu huda jijiya a matsematsi ko a wuyan hannu, mu zura wani siririn bututu mai laushi, muna kallonsa a allon hoto har ya shiga jijiyar mahaifa. Sai mu saki wasu 'yan ƙwayoyi kamar yashi mai laushi, yawanci rabin milimita zuwa ɗan sama da haka. Jini ne ke kwashe su da kansa, kuma tunda ƙarin ya fi jan jini, can suke tafiya su cushe hanyoyinsa. A gama da gefe ɗaya a koma ɗayan, don in aka bar guda sai ƙarin ya ci gaba da sha ta can. Ita mahaifar tana da wasu ƙananan hanyoyi da ke ciyar da ita ta gefen ƙwai da ta ƙasa, shi ya sa take farfaɗowa. Ƙarin ne ba shi da madogara.

Batun ruɓewa kuwa, nama yana ruɓewa ne idan ƙwayoyin cuta sun same shi. Wanda ke kulle cikin bangon mahaifa bushewa yake yi a hankali, ya yi laushi, ya motse, ya koma kamar tabo. Cuta tana iya shiga, ba na musun haka, amma ba kasafai ba, kuma waɗanda hakan ke kai su ga cire mahaifa cikin gaggawa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Aikin ba sabo ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake toshe jijiya don tsayar da jinin da ya ɓalle bayan haihuwa. Wani likitan mata a birnin Faris na ƙasar Faransa, Jacques Ravina, ya riƙa sa a toshe jijiyar kafin tiyatar cire ƙari don a rage zubar jini, sai ya lura matan suna samun sauƙi tun kafin ranar tiyatar ta zo. A 1995 shi da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a mujallar Lancet. Daga nan ya bazu. A 2004 ma an yi wa Condoleezza Rice ta Amurka, a daidai lokacin da aka zaɓe ta ta zama sakatariyar harkokin waje.

Hajiya Babba:
Likita mun gode da bayani, amma ba ka taɓo ƙanwata ba. Nawa ne irinta?

Likitan Hoto:
Hajiya, kina da gaskiya, kuma irinta ba kaɗan ba ne. A farko, mata takwas zuwa tara cikin goma suna samun sauƙin jini da na nauyin mara. Amma in aka bi su shekaru, lissafin yana sauyawa. Akwai binciken da aka yi a ƙasar Holan mai suna EMMY, aka raba mata 177 gida biyu, wasu aka cire musu mahaifa, wasu aka toshe jijiya. Bayan shekara goma, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka toshe wa sun ƙare da cire mahaifar. Wani kuma a Sikotland mai suna REST ya samu cewa cikin shekara biyar kashi 32 cikin ɗari na waɗanda aka toshe wa sun buƙaci a sake musu wani aiki, alhali a ɓangaren tiyata kashi 4 ne kawai. Wannan shi ne ɗacin da Ummin Yara ta ce a faɗa mata. Ɗaya fuskar kuma, kashi biyu cikin uku a binciken Holan ɗin sun kai shekara goma da mahaifarsu ba a cire musu ba.

Shekaru suna da tasiri sosai. Ƙari yana rayuwa ne da sinadaran da ƙwan mace ke fitarwa, idan al'ada ta ɗauke yawanci shi ma sai ya lafa. Mai shekara 38 tana da sauran shekara goma sha wani abu da sabon ƙari zai iya tsirowa a cikinsu. Mai 43 ko 46 tafiyarta ta fi gajarta.

Hajiya Babba:
To ai ka ga. Ɗaya cikin uku fa. Ni da za a ce mini motar da zan shiga ɗaya cikin uku tana mutuwa a hanya, ba zan shiga ba.

Anti Mai Haƙuri:
Hajiya, amma wadda tata ta mutu a hanya ai ba a daji aka bar ta ba, tiyatar tana nan tana jiranta. Wadda aka cire wa mahaifa kuwa babu komawa baya. Ni da na san lissafin nan tun farko ma, wannan ɗin zan zaɓa. Abin da ke ci mini rai shi ne shekara biyu ina zarya asibiti, babu wanda ya ambata mini cewa akwai wannan hanyar. Da kaina na gano ta. Ko ba za a yi wa mace ba, hakkinta ne a gaya mata akwai.

Malamar Jinya:
Shekara goma sha shida ina aiki a ɗakin mata. Zan goyi bayan Hajiya a abu ɗaya: kada mu mai da cire mahaifa abin kunya ko asara. Na ga matan da rayuwarsu ta dawo bayan an cire, kuma ba kullum ake tsaga ciki ba, akwai wadda ake yi ta ƙananan huji da kyamara, jinyarta ta fi sauƙi idan girman mahaifar ya ba da dama. Zan kuma goyi bayan Anti a kan cewa ba a gaya wa mata komai da komai. Dalilin a bayyane yake, likitan mata shi ke ganin mai ƙari, amma aikin toshewar a hannun likitan hoto yake, in babu magana tsakaninsu sai mara lafiya ta faɗa tsakiya.

Ummin Yara, kafin komai a gyara jininki. Mace da aka yi wa ƙarin jini sau biyu tana buƙatar a auna sinadarin ayon na jikinta, wanda jiki ke haɗa jini da shi, a cike mata shi, ko da ƙwaya ko ta ruwa, sannan akwai magungunan rage zubar jini da za a iya ba ki ki riƙe kafin ki yanke shawara. Shawarar da aka yanke cikin jiri da haki ba shawara ba ce.

Mai Jiran Rabo:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Shekarata 31, shekara shida da aure, ban taɓa haihuwa ba, ɓari ɗaya na yi. An ce ina da ƙari biyu. Tun da na ga wannan maganar zuciyata ta kwanta da ita, don tiyata nake tsoro kamar me. Likita, ni ma zai yi mini?

Likitan Hoto:
Ƙanwata, Allah ya kawo rabo mai albarka. Zan gaya miki abin da zan gaya wa wadda muka fito ciki ɗaya: ga mai neman haihuwa, wannan aikin ba shi ne zaɓin farko ba. Mata suna ɗaukar ciki bayansa, suna haihuwa lafiya, na ga wasu da idona. Amma binciken da ya kwatanta shi da tiyatar cire ƙarin a bar mahaifa ya nuna ɓari ya fi yawa a ɓangaren toshewa, kuma akwai fargabar matsalar mabiyiya da raunin shimfiɗar cikin mahaifa. Shi ya sa yawancin ƙungiyoyin likitocin mata suke fifita a cire ƙarin kawai ga irinki. A 2020 an wallafa wani bincike daga Birtaniya mai suna FEMME, mata 254 da ba sa son a cire musu mahaifa. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai, amma bayan shekara biyu waɗanda aka cire wa ƙarin sun ɗan fi jin daɗin jikinsu.

Kuma ki tambaya a ina naki suke zaune. Idan a cikin kogon mahaifa ne, sau da yawa ana cire shi ta ƙasa da kyamara ba tare da an taɓa fatar ciki ba. Idan kuma ƙanana ne a bayan bango, mai yiwuwa ba su ne ma suka hana cikin ba, sai a duba ke da maigidan gaba ɗaya.

Mai Jiran Rabo:
Na gode Likita. Ba haka na so ji ba, amma gara da na ji.

Yayar Kowa:
Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, muna tare da ke a addu'a.

Wani Magidanci:
Ku gafarce ni iyayena mata, matata ce ta nuna mini wannan zancen ta ce in tambaya. An yi mata aikin wata biyar da suka wuce. Jinin ya daidaita, amma da aka sake hoto ƙarin da ke santimita 10 yanzu 8 ne. Ni na ɗauka zai ɓace. Anya aikin ya yi?

Likitan Hoto:
Malam, ya yi. Abu mai siffar ƙwallo idan faɗinsa ya sauka daga 10 zuwa 8, kusan rabin jikinsa ne ya tafi, kuma abin da ake sa rai ke nan, kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari a watannin farko, yana kuma ci gaba da raguwa har shekara. Ba ya ɓacewa ɗungurungum. Ma'aunin nasara shi ne jininta da barcinta da ƙarfin jikinta, sannan a hoton MRI, wanda ya fi sikanin nuna cikin nama dalla-dalla, a ga jini ya daina shiga cikinsa. Wannan kuma ya shafe ki Ummin Yara: in babban burin mace cikinta ya koma shafe, kada a yi mata alkawarin da ba zai cika ba.

Autar Gida:
Wata ta ce mini yana kawo tsayawar al'ada da wuri. Gaskiya ne?

Malamar Jinya:
Yana faruwa, don jijiyar mahaifa da ta ƙwai suna da mahaɗa, wasu ƙwayoyin kan iya tsallakawa. A ƙasa da shekara 40 da wuya ne, amma daga 45 zuwa sama ya fi yawa. Wasu kuma wata biyu ko uku take ɗaukewa ta dawo.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da nake gaya wa duk wadda za mu sallama. Ciwon mara, kasala, rashin son abinci da ɗan ɗumin jiki a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, jiki ne ke amsa mutuwar ƙarin. Fitar ruwa ta gaba na iya ɗaukar makonni. Wata ma ƙarin da kansa ne ke ɓantarowa ya fito guntu-guntu, musamman in yana kusa da kogon mahaifa, wani lokaci sai an taimaka an kwashe. Amma zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka, ko ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi, ko ruwa mai wari, ko kumburin ƙafa, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, wannan ba a kwana da shi a gida. Na taɓa ganin wadda ta yi kwana huɗu tana daurewa don an ce mata ciwo dole ne, har yau abin yana damuna.

Hajiya Babba:
Akwai abu ɗaya da ya rage mini. Tawa da aka cire an kai ta ɗakin gwaji aka tabbatar ba kansa ba ce. Wadda aka bar mata a ciki fa, wa ya tabbatar mata?

Likitan Hoto:
Tambaya ce mai nauyi Hajiya. Gaskiya ne ba mu samun naman da za a gwada. Akwai wata kansar naman mahaifa da ke iya kama da ƙari, ba ta da yawa ko kaɗan, amma tana nan. Shi ya sa ba na yarda a yi aikin da hoton sikanin kaɗai in ana iya samun MRI. Sannan mai zubar jini irin na Ummin Yara a wannan shekarun, ya kamata a ɗebi samfurin shimfiɗar mahaifa a gwada, a kuma duba bakin mahaifa. Ƙarin da ke girma bayan al'ada ta ɗauke, ko wanda ya ci gaba da girma bayan an toshe, ba a yi masa uzuri, tiyata ake yi. Haka kuma ba a yin aikin ga mai juna biyu, ko mai ciwon sanyin mara da bai warke ba, kuma ana auna ƙoda saboda ruwan da muke zubawa a jijiya don hoton ya fito.

Hajiya Babba:
To madalla. In dai za a yi waɗannan gwaje-gwajen, ni ba ni da ja. Har yanzu dai da ƙanwata ce ta sake tambayata, zan ce ta cire tun farko. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ummin Yara:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Hajiya har da ke, don maganarki ce ta fito da lissafin da ba don ke ba da ban ji shi ba. Jiya na koma wurin likitan mata da tambayoyina a rubuce. Bai ji haushi ba ko kaɗan, ya ce bai kawo maganar ba ne don ya ɗauka hanya mai yankewa nake so. Ya rubuta mini MRI da gwajin shimfiɗar mahaifa, ya sa an fara ba ni ayon ta ruwa, kuma zai haɗa ni da likitan hoto idan sakamako ya fito. Ya ce ɗaya daga cikin ukun yana ɗan leƙowa cikin kogon mahaifa, shi yake so a duba da kyau. Ban yanke ba tukuna. Anti Mai Haƙuri, a makon farkon nan kin iya ɗaga abu mai nauyi? Don mahaifiyata sai an tallafe ta take tashi, ina so in san kwana nawa zan nemi wanda zai kama mini.

Anti Mai Haƙuri:
Ko kusa ƙanwata, an hana ni ɗaga nauyi kusan mako guda saboda hujin matsematsin, kuma ko ba a hana ba ƙarfin babu. Ki nemi mai kama miki na mako biyu cur, in kin warware da wuri sai ki sallame ta. Ki kuma tambaye su tun yanzu wane shiri suke da shi na maganin ciwo a daren farko, kuma lambar wa za ki kira in wani abu ya taso bayan kin koma gida.